Motocin kwaikwayo: kuɗi sun tafi, kaya ba su iso ba

A ƙasashen Amurka da Ingila da wasu sassan Turai akwai mutanen da ba su zuwa kamfani su sayi mota ƙerarriya su hau. Sun fi son a kawo musu ita a warwatse cikin kwalaye, su shiga garejin gida su ɗaura ta da hannunsu, noti bayan noti, har ranar da za ta tashi. Galibin motocin nan kwaikwayo ne na wasu tsofaffin motocin tsere da suka yi tashe shekaru 60 da suka wuce, waɗanda na asalinsu sun fi ƙarfin aljihun kowa sai hamshaƙan attajirai. Sha'awa ce mai cin kuɗi da lokaci. Amma abin da ya fi ci wa masu ita tuwo a ƙwarya shi ne jira: mutum ya biya kuɗin wani ƙarfe da za a ƙera masa, an ce ya dawo bayan mako 8, ga shi wata 8 sun wuce, mota na kan dungu, mai ƙira kuma ya daina ɗaukar waya. A wannan karo mun duba wa masu karatu dalilin wannan jinkiri, da wanda ke ɗaukar asara, da kuma dabarun da masu wannan sha'awa suka koya bayan sun sha wuya.

Daga ina aka faro?

Motar da aka fi kwaikwaya a duniya ita ce Cobra. A shekara ta 1962 wani tsohon direban tsere ɗan jihar Teksas, Carroll Shelby, ya ɗauki gangar jikin wata ƙaramar motar kamfanin AC na Ingila ya sa mata babban injin Ford mai silinda 8. Daga wannan shekara zuwa 1967 duka-duka waɗanda aka ƙera ba su cika 1000 ba. Ta farko daga cikinsu an yi gwanjonta a shekara ta 2016 a kan dala miliyan 13 da dubu 750, wato wajen miliyar 8 na kuɗin sefa. Wanda ke son irinta, ba shi da miliyoyin daloli, sai ya nemi ta kwaikwayo, shi ya sa yau na kwaikwayon sun ninka na asali sau da yawa.

A Ingila kuma abin ya samo tushe daga Lotus Seven, wadda Colin Chapman ya fito da ita a shekara ta 1957. Ana sayar da ita a warwatse saboda a wancan zamani motar da mutum ya haɗa da kansa ba ta biyan harajin da ake ɗora wa sabuwar mota. A shekara ta 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta, ya ci gaba da ita. Wasu kuma Porsche 356 suke kwaikwaya, suna ɗora sabuwar gangar jiki bisa shasin tsohuwar Volkswagen ɗin nan mai kamar kunkuru.

Da farko dabarar ita ce a sayi tsohuwar mota a yanka ta, a ɗebi inji da giya da birki da ƙafafu a zuba wa sabuwar. Kamfanin Factory Five, wanda wasu ƴan uwa biyu suka kafa a shekara ta 1995 a jihar Masacusets, a kan haka ya gina kasuwarsa: ka kawo tsohuwar Ford Mustang, su ba ka shasi da gangar jiki. Ƴan Ingila kuwa Ford Sierra da Jaguar suka riƙa yankawa. To, amma an daina ƙera Sierra tun shekara ta 1993, ita ma Volkswagen mai kunkuru ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Meziko a shekara ta 2003. Motocin yanka suka yi ta ƙaranci, masu haɗin kuma suka ƙara buɗe ido, kowa yana son komai sabo, kuma ya yi kama da na asali sak. Nan ne aka koma ga ƙananan maƙera masu yin kaya sai an yi oda, nan ne kuma jira ya samo asali.

Mota guda, maƙera barkatai

Kamfanin da sunansa ke jikin kwali ba shi ne ke yin duk abin da ke ciki ba. Yawanci shi nasa shasi ne da gangar jiki. Sauran kayan daga hannu daban-daban suke fitowa, wani lokaci daga nahiya daban-daban. Agogunan gaban direba masu tambarin Smiths, irin na motocin Ingila na da, a wani ƙauye na yankin Wels ake yin su. Giyar Tremec da akasarin masu Cobra ke so, babbar masana'antarta tana Meziko. Motocin Superformance a birnin Port Elizabeth na Afirka ta Kudu, wanda aka sake wa suna Gqeberha a shekara ta 2021, ake haɗa su, a ɗora su a jirgin ruwa ba inji ba giya zuwa Amurka. Shi kuwa kamfanin Kirkham na jihar Yuta, a tsakiyar shekarun 1990 ya fara buga gangar jikin Cobra da ƙarfen alminiyam a garin Mielec na ƙasar Folan, cikin masana'antar da a da take ƙera jiragen yaƙi samfurin MiG.

Waɗannan manya ke nan. A ƙarƙashinsu akwai ɗimbin ƙananan shaguna, wasu mutum 3 ne a ciki, wasu ma mutum guda, shi ne mai walda, shi ne mai amsa waya, shi ne mai ɗaure kaya ya kai gidan waya. Wannan yana lanƙwasa salansar gefe, wancan yana ɗinka kujerun fata, wani yana yin firam ɗin gilashin gaba, wani yana zubin rim irin na shekarun 1960. Ranar da mai shagon ya kwanta ciwo, aiki ya kwanta da shi.

Ko lafiyarsa ƙalau, lissafin kasuwa ba ya barin shi ya yi sauri. Mu ɗauki misalin rim. Gidan zubi ba zai hura wuta saboda rim 4 ba, sai oda ta taru ta kai yawan da zai fitar da kuɗin aiki. In an zuba, sai a kai wani gida a gasa ƙarfen ya yi ƙwari, a kai wani a feƙe shi da inji, a kai wani a goge shi ya yi ƙyalli. Kowane gida yana da nasa layi, kuma a kowane layi mai ƙaramar oda shi ne na baya, domin mai kawo aikin dubbai shi ake fara sallama. Haka gangar jiki, wadda akasari da faiba ake yin ta, wato zaren gilashi da ake cuɗawa da wani danƙo. Mazubin da ke fitar da siffar motar, kamar na mai buga bulo, sau da yawa guda ɗaya tak ne a shagon, kuma sai wadda aka zuba ta bushe kafin a zuba wata. Wanda ya yi gaggawar ciro ta, ita ce za ta karkace daga baya.

Akwai kuma kayan da ba a iya yin odarsu tun da wuri. Sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayun baya, sai an zaunar da inji da giya a mazauninsu kafin a auna tsawonta. Bututun hayaƙi ma sai an san irin injin da aka zaɓa. Ke nan ko mutum ya so ya sayi komai rana ɗaya, aikin da kansa zai tilasta masa ya shiga layi sau da yawa.

Ƙarfe ɗaya ya tsayar da komai

Abin da ke sa wannan jira ya fi zafi shi ne haɗin mota jere yake, ba a tsallake mataki. Ba a ɗora gangar jiki sai an gama shimfiɗa wayoyin wuta an tayar da inji an ga babu yoyo. Ba a kai wa mai fenti sai an gwada ƙofofi da gilashi da ƙarfen kariyar da ke bayan kujera, an huda inda za a huda, an yanke inda za a yanke. Saboda haka wani ɗan ƙarfe da bai kai girman tafin hannu ba yana iya tsayar da aikin miliyoyi. Kamfanoni da dama sukan aiko da kwalaye tare da takarda mai jerin abubuwan da suka rage, waɗanda za su biyo baya. Mai haɗi yakan buɗe wannan takarda kafin ya buɗe kwalaye, don ita ce za ta faɗa masa ko bana zai hau motarsa ko sai baɗi.

Jinkiri ɗaya kuma yakan haifi wani. Ƙwararrun masu fentin faiba kaɗan ne, ana kama layinsu watanni kafin lokaci. Wanda ranarsa ta zo bai shirya ba, ya koma baya. A Ingila motar da aka haɗa a gida ba ta hawa titi sai ta ci jarrabawar hukuma mai suna IVA, wadda ta maye gurbin ta da a shekara ta 2009, ita ma sai an nemi rana. Injin da aka saya tun farko, sau da yawa garantinsa daga ranar saye yake fara ƙirga, har wa'adi ya cika bai taɓa tashi ba. Tayu na tsufa a ajiye, robobi na bushewa. A jihohin arewacin Amurka kuma, inda motar da ba ta da rufi sai da bazara ake fita da ita, jinkirin wata 3 yana nufin shekara guda ta tafi. Idan muka tuna cewa da yawa daga masu wannan sha'awa dattawa ne da suka ajiye aiki, suka daɗe suna tara kuɗin, za mu gane ba kuɗi kaɗai jiran ke ci ba.

Shekarun da layi ya ƙara tsawo

Tun can dama haka abin yake, sai shekara ta 2020 ta zo da annobar korona. An rufe masana'antu, a daidai lokacin da mutane ke zaune gida babu abin yi, kowa ya tuna da garejinsa, oda ta yi yawa. A watan Fabrairun 2021 wani matsanancin sanyi ya tsayar da masana'antun sinadarai na jihar Teksas, danƙon da ake haɗa faiba da shi ya yi wuyar samu. A watan Maris na wannan shekara jirgin ruwan Ever Given ya toshe mashigin Suwez kwana 6. Kafin ƙarshen shekarar kuɗin ɗaukar babbar kwantena ya haura dala dubu 10, kuma a farkon 2022 jirage sama da 100 ne ke jiran layin sauke kaya a tashoshin Los Angeles da Long Beach.

Ita ma hanyar Afirka ta Kudu ba ta tsira ba. A watan Yulin 2021 an yi wa kwamfutocin hukumar tashoshin jiragen ruwan ƙasar kutse, a watan Afrilun 2022 kuma ambaliya ta yi ɓarna a Durban. Tsakanin Ingila da sauran Turai, tun ranar 1 ga Janairun 2021 kaya suka koma bi ta hannun duwan da takardunsa, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. A ƙarshen 2023 hare-haren Bahar Maliya suka sa jirage zagayawa ta ƙasan Afirka, tafiya ta ƙaru da kwana 10 ko fiye. A shekara ta 2025 kuma Amurka ta ɗora harajin kashi 25 cikin 100 a kan motoci da kayan mota masu shigowa, lamarin da ya sa wanda ya biya kuɗin kaya a tsohon farashi ya iya tarar da sabon lissafi ranar da kayan suka iso.

Wasu sana'o'in ma gaba ɗaya suke ja da baya. Masana'antar garin Melksham a Ingila, inda aka daɗe ana yin tayun Avon da masu Cobra da Seven ke so, ta rufe a ƙarshen 2023. Masu shafa wa ƙarfe farin ruwan kurom su ma suna raguwa, saboda sinadarin yana da haɗari ga lafiya. A shekara ta 2023 jihar Kalifoniya ta yanke shawarar hana amfani da shi sannu a hankali wajen kayan ado. Duk gidan da ya rufe, layin na kusa da shi ya ƙara tsawo.

Inda gizo ke saƙa: kafin alƙalami

Duk waɗannan uzurori ne da mai hankali zai karɓa. Mai jiran abin da aka yi masa da hannu ya san ba kanti ya shiga ba. Matsalar tana wajen kuɗi da alkawari. Da yake kayan na oda ne, mai ƙira yakan nemi kafin alƙalami, wani rabi, wani ma duka. Daga ranar da kuɗi suka fita, kasadar ta koma kan mai saye. Shi kuma mai ƙira ya san in ya faɗi gaskiya ya ce wata 9, ciniki zai tafi gidan maƙwabci, sai ya ce mako 8. Duk wanda ya taɓa kai ɗinki ana saura kwana 10 salla ya san wannan magana.

Mafi muni shi ne shagon da ya fara amfani da kuɗin sababbin masu oda yana kammala aikin na baya. Muddin sababbi na shigowa asiri a rufe yake. Ranar da suka tsaya, sai ya zama kamar adashin da ya karye, na ƙarshen layi su ne da kuka. Kuma ba ƙananan shaguna kaɗai ke faɗuwa ba. A watan Nuwamban 2007 kamfanin Unique Performance na jihar Teksas, wanda ya yi suna wajen kwaikwayon Mustang ta 1967, ya durƙushe, ya bar mutane da dama da suka zuba maƙudan kuɗi ba su karɓi mota ba. A watan Yunin 2022 kamfanin Westfield na Ingila, bayan shekara 40 yana sayar da motoci a warwatse, ya faɗa hannun masu kula da kamfanonin da bashi ya ci, kafin wasu su saye shi a cikin shekarar. A irin wannan hali mai kafin alƙalami yakan tsinci kansa bayan bankunan da ke riƙe da jingina, sai abin da ya rage, in ya rage.

Me doka ta ce?

A Amurka akwai ƙa'idar hukumar kula da ciniki ta tarayya, tun shekara ta 1975, wadda daga baya aka faɗaɗa ta ta haɗa da cinikin waya da na intanet. Ta wajabta wa mai sayarwa ya aika da kaya cikin wa'adin da ya faɗa, in bai faɗa ba to cikin kwana 30. In ya ga ba zai iya ba, dole ya sanar da mai saye, ya ba shi zaɓi: ko ya yarda ya ƙara jira, ko a mayar masa da kuɗinsa. A Birtaniya dokar kare masu saye ta 2015 ita ma kwana 30 ta ɗiba, sai in an yi yarjejeniya a kan wani wa'adi. Wata dokar ta 1974 kuma ta ce in mutum ya biya da katin bashi na banki, abin da ya saya kuwa kuɗinsa ya wuce fam 100 bai haura fam dubu 30 ba, to bankin ma yana da alhaki in kaya ba su zo ba, ko da kafin alƙalamin kaɗai aka biya da katin.

Sai dai wasu daga ƙofofin nan suna da lokacin rufewa. A dokar Amurka mai katin banki kwana 60 gare shi ya kai kuka daga ranar da aka aiko masa da takardar lissafi. Wanda ya biya ta PayPal yana da kwana 180, wato mako 26 ba kaɗan. To, a lissafa: in an ce maka mako 8, aka sake cewa mako 8 har sau 3, an kai mako 32, ƙofa ta rufe kana tsaye kana haƙuri. Wanda kuwa ya tura kuɗi kai tsaye daga banki zuwa banki, kamar yadda ƙananan shaguna suka fi so, ba shi da wannan kariya tun farko. Ban da haka, a Birtaniya damar nan ta fasa cinikin nesa cikin kwana 14 ba ta shafi abin da aka ƙera wa mutum bisa awonsa ba.

Wani zai ce to a sayi motar a gama mana. A ƙarshen 2015 Amurka ta yi dokar da ta ba ƙananan kamfanoni damar sayar da motocin kwaikwayo kammalallu har 325 a shekara, amma ƙa'idojin aiki da ita ba su fito ba sai shekara ta 2022, bayan ƙungiyar masu kayan mota ta SEMA ta kai hukuma kotu a 2019. Kuma ko kammalalliyar motar, a layin maƙeran nan dai take jiran rim da gilashi da agogo.

Abin da wuya ta koyar

Tsofaffin hannu a wannan harka sun fitar da wasu ƙa'idoji da suke gaya wa sababbi. Ba a fafe gora ranar tafiya: abin da ya fi daɗewa, kamar rim da giya da kujeru, shi ake fara yin oda, tun kafin kwalaye su iso. Duk wa'adin da aka faɗa a ninka shi a zuci. Kafin a biya a tambayi mai shago ko abin yana kan kanta ne ko sai an ƙera, a kuma nemi jin ta bakin waɗanda suka saya a wajensa cikin watannin baya-bayan nan, domin sunan da aka yi shekara 10 da suka wuce ba ya ɗaure kaya yau. A rubuta ranar isowa a takardar ciniki. A biya kashi-kashi gwargwadon yadda aiki ke tafiya, a ga hoton abin kafin a cika kuɗi. A rubuta ranar da ƙofar kai kuka za ta rufe, kada kunya ta sa a bar ta ta wuce.

Sun kuma koyi bambanta maƙeri mai jinkiri da maƙeri mai ƙarya. Na farko yana ɗaukar waya, yana faɗin inda aiki ya tsaya, in ya ce wata 6 to wata 6 ɗin ne ko kusa da haka. Irin wannan mutane na jiran shi shekara guda ba su yi gunaguni ba, har su turo masa wasu. Na biyu kullum mako mai zuwa ne, kullum da sabon uzuri, daga nan sai shiru. A wannan ƙaramar kasuwa da kowa ya san kowa, shirun nan ya fi jinkirin kashe shago.

Motocin nan dai ba a titunan Maraɗi ko Damagaram ake ganin su ba. Amma duk wanda ya taɓa tura kuɗi waje don a aiko masa da wani ƙarfen mota da babu shi a kasuwa, motarsa na kan dutse a gareji, ya san ɗacin wannan jira, kuma shawarwarin da muka jero za su yi masa amfani. Su kuma masu karɓar kuɗin mutane kafin aiki, a Teksas suke ko a nan gida, magabata sun riga sun gama magana: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.